Mai garkuwa ma yana gaisuwa

A Agege da ke Legas aka binne cibiyata, kuma ban taɓa zaton Hausar da muke yi da Inna a tsakar gida za ta zama hanyar cin abinci ba. Sana'ata gyaran waya ce a Computer Village da ke Ikeja. Wata Laraba wani mai ɗaukar sauti da na daɗe ina gyara wa waya ya tsaya a rumfata, ya ce masu wani fim suna cigiyar Bahaushen da ya iya Yarbanci da Turanci, wanda zai riƙa gyara wa ɗan wasa baki. Na ce gyaran baki kamar yaya? Ya ce in na je na gani. Na bar wa ƙanena rumfa na tafi.

Labarin fim ɗin ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo. Wani gungun 'yan fasa-ƙwauri ne da suka daɗe suna shigo da haramtattun kaya ta tashar jiragen ruwa ta Apapa, da ɗaurin gindin wasu manya. Kwantena ɗaya ta yi ɓatan dabo, aka fara zargin juna, 'yan sanda suka rutsa yaran gungun a wani sito, su kuma suka rufe ƙofa da mutum 11 a ciki suka ce duk wanda ya matso za a fara kwasar gawa. A labarin awa 36 ake yi. Mu kwana 19 muka kwashe muna ɗaukar waɗannan awoyi. Cikin waɗanda aka tsare akwai wani Alhaji ɗan canji da ya kawo dala tsautsayi ya haɗa da shi. Shi ne rabona.

A cikin danfo, motar haya ta Legas, na karanta takardun, daga Oshodi zuwa Mile 2, kuma kafin in sauka raina ya gama ɓaci. Alhajin da ke rubuce shi ne dai Bahaushen da muka saba gani a finafinan Kudu: kowace magana sai "kai" da "walahi", an ajiye shi a gefe don mai kallo ya yi dariya idan ya gaji da ƙarar bindiga. Daraktar mace ce, mai ƙarancin magana, kowa Madam yake ce mata. Na faɗa mata abin da ke raina ina jiran ta sallame ni. Sai ta ce ita ma bai kwanta mata ba, shi ya sa ta aika a nemo ni. Ta ce in mayar mata da shi mutum.

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Na zauna daren nan na juya duk layukansa zuwa Hausa, kalma bayan kalma. Inda aka ɗora masa bindiga a ka, na rubuta: "Don Allah kada ka kashe ni, ina da yara." Babu kuskure ko ɗaya a ciki. Washegari muna gwaji a bakin siton, ni da dattijon Bayeraben da ke fitowa a Alhaji, sai na lura maigadin wurin ya daina jan carbi yana kallonmu. Tsoho ne, mutumin ƙasar Birnin Gwari, ya fi shekara ashirin yana gadi a Apapa. Da muka tsagaita ya yafito ni.

"Ɗana, wa ya rubuta masa wannan?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "To kai ba a taɓa nuna ka da bindiga ba."

Na ce Allah ya kiyaye, ba a taɓa ba. Ya ce amin. Sannan ya ce babban mutum irin wannan, mai gemu da furfura, idan ya ji sanyin ƙarfe a ƙeyarsa ba da yaron zai fara magana ba. Salati ne zai kuɓuce masa. Innalillahi zai yi ta maimaitawa, sai kalmar shahada, don ya riga ya ɗauka ta ƙare, yana gudun kada ta zo bakinsa babu komai. Sai numfashi ya dawo masa, ya ga har yanzu yana nan, sannan zai tuna da yaron da ke riƙe da bindigar. Kuma ko a lokacin ba roƙo zai yi ba. Cewa zai yi, "Yaro, ka ji tsoron Allah, na haife ka." In kuwa ɗan kasuwa ne na gaske, can ƙasa-ƙasa zai tambaya, "Nawa ne?"

Na yaga takardata. Abin da na fara koya ke nan, kuma har yau ina jin kunyar cewa ban gano shi da kaina ba: ni kalmomin marubucin nake bi, alhali mutumin da ke durƙushe ya kamata in bi. Tun daga ranar, kafin in rubuta layi sai in tambayi kaina wanne daga cikin kawunnaina ne zai iya furta shi ba tare da 'ya'yansa sun ce yau Baba lafiya kuwa.

Koya wa dattijon furuci wani aikin ne daban, kuma a nan na sha mamaki. Hawa da saukar murya bai ba shi wahala ba ko kaɗan. Yarbanci yana da karin sauti uku, saboda haka kunnensa a buɗe yake; in na faɗi magana sau biyu sai ya rera ta daidai kamar waƙa. Inda ya maƙale shi ne haruffa masu lanƙwasa da jan wasali. Akwai wurin da Alhaji zai dubi bos ɗin gungun ya ce masa "ƙarya kake yi". Sau bakwai yana cewa "karya". Yaran Hausawan da na ɗebo daga Agege da Idi-Araba don su cike gurbin 'yan kallo a bayan shingen 'yan sanda suka tuntsire da dariya, har Madam ta ce a dakata a gaya mata abin da ya faru. Da na bayyana wa dattijon cewa ya kira bos macen kare, shi ma ya dara, ya ce ai bos ɗin ya cancanta. Daga baya dabarar da ta yi mana aiki ita ce in naɗa masa kowane layi a WhatsApp, sau ɗaya a hankali, sau ɗaya da saurin magana, yana saurare a gosulo. Kuma gosulon Apapa, inda tireloli ke kwana a kan titi suna jiran shiga tasha, ya ishi mutum ya haddace izu guda.

Batun bindigogi kuwa babu wasa a ciki, kuma a nan na tafka kuskuren da ya kusa jawo asarar rai. Yawancin bindigogin na roba ne, wutar da ake gani a bakinsu daga baya ake ɗora ta a kwamfuta. Duk da haka akwai mutum ɗaya da aikinsa ke nan kawai: ya ƙirga su da safe, ya miƙa wa kowa tasa hannu da hannu, ya karɓe da zarar an ce kat, ya sake ƙirgawa kafin a tashi. Ga 'yan sanda biyu na gaske da aka ɗauko da takarda suna zaune a bakin get. Mutumin nan kullum sai ya tuna mana abin da ya faru a jihar New Mexico ta Amurka a watan Oktoban 2021, inda bindigar da aka ɗauka babu harsashi mai rai a ciki ta tashi ana cikin gwaji ta kashe mai ɗaukar hoton fim ɗin. Ni a raina ina cewa wannan tsirfa ce, roba ce fa.

Daren kwana na takwas, wajen ƙarfe ɗaya, yunwa ta dame ni. Na kira ɗaya daga cikin yarana, wanda aka ƙara wa matsayi ya zama ɗan gungu saboda tsayinsa, na ba shi kuɗi ya karɓo mana shayi da burodi a wurin mai shayin da ke bayan katanga. Ban duba shi ba. Ashe da baƙar rigarsa ya fita, da jinin ƙarya a wuya, da bindigar roba a rataye, 'yan sandan kuma sun zagaya cin abinci. Bai yi taku hamsin ba wani yaron mota ya ƙwala ihu da Yarbanci: "Ole!", wato ɓarawo. Wanda ya zauna a Ikko ya san abin da ke biyo bayan wannan kalma da tsakar dare. Kafin ka ce kwabo direbobi da yaran mota sun fito daga ƙarƙashin tireloli da sanduna da ƙarafa, wani har ya fara gangaro da taya. Allah ya sa mai shayin, wani Basakkwace, ya san yaron tun kwanakin baya. Shi ya janye shi bayan teburinsa ya tsaya a gabansa yana rantsuwa da Hausa da Yarbanci da buroka cewa wasan kwaikwayo ne, ya fizge bindigar ya lanƙwasa ta a gaban kowa. Baba maigadi ya iso da fitila, 'yan sandan suka biyo shi a guje.

Madam ba ta ɗaga murya ba. Ta tsayar da aiki na daren, wanda kuɗin janareto da fitilu da hayar siton duk sun tafi a banza, ta ce in kai yaron gida da kaina in yi wa mahaifiyarsa bayani. Na gwammace da ta zage ni. Mun isa Agege ana kiran assalatu. Na durƙusa na faɗa wa uwar komai, ta yi shiru, sannan ta ce, "Ai amana na ba ka." Ba ta ƙara ko kalma ba. Yaron bai koma ba, kuma ban nemi ya koma ba.

Sauran kwanakin na zama mutum mai ƙirga. Na kuma fara lura da wata yarinya da ke yawo da littafi da waya tana ɗaukar hoton komai, wadda da farko na raina aikinta. Ita ce mai kula da kada abin da aka ɗauka yau ya saɓa da na jiya. Ƙullin igiyar da ke hannun Alhaji, yawan ruwan da ya rage a gora, inda gumi ya jiƙa a babbar rigarsa, ɓangaren da hularsa ta karkata. Tunda fitowar awa ta uku da ta awa ta talatin ana iya ɗaukarsu rana ɗaya, riguna huɗu iri ɗaya aka ɗinka masa, kowace da gwargwadon dauɗarta. Ita ta kama ni ranar da na sa Alhaji ya ce "jiya da daddare" a wurin da a labarin dare bai riga ya yi ba.

Amma abin da ya fi zauna mini shi ne batun kiran waya. A tsakiyar fim ɗin akwai wurin da bos zai karɓi wayar Alhaji ya kira babban ɗansa ya nemi kuɗin fansa. A rubuce, ihu yake yi, yana dukan tebur, yana barazanar yanke yatsu. Ɗan wasan da ke bos ya iya wannan sosai, jijiyoyin wuyansa har tashi suke. Mutanen Legas da ke wurin duk sun gamsu. Su idan aka ce garkuwa da mutane, Evans ne yake faɗo musu a rai, wanda aka kama a gidansa na Magodo a watan Yunin 2017, attajirai yake ɗauka yana neman fansa da dala, kotu a Ikeja ta yanke masa ɗaurin rai da rai a Fabrairun 2022. Ko kuma ɗaliban nan shida na makarantar Igbonla da ke yankin Epe, da aka ɗauke ta ruwa a watan Mayun 2017 aka riƙe su fiye da wata biyu. A shekarar ce ma jihar ta yi dokar da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai garkuwa, da hukuncin kisa idan wanda aka kama ya mutu a hannunsa. Mu kuwa namu tunanin yana kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, da jirgin ƙasan da aka tare ranar 28 ga Maris 2022, wanda ragowar fasinjojinsa ba su ga gida ba sai a watan Oktoba. Gari ɗaya muke zaune, amma kowa da irin dodon da yake gani in ya rufe ido.

Ana cikin ɗaukar wannan fitowa na ga Baba ya tashi daga bencinsa ya koma can bakin get ya juya baya. Da aka tashi cin abinci na kai masa nasa.

"Baba, ko ihun ne ya dame ku?"

Ya ce, "A'a. Rashin gaskiyarsa ne."

A nan ya ba ni labarin da bai taɓa ba kowa a wurin ba. Ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya aka ɗauke a hanyar gona, ya yi kwana 47 a daji. Da yake shi ne babba, kuma ana ganin wanda ke Ikko ai kuɗi yake shara, lambarsa aka bayar. A wannan bencin da nake zaune ya riƙa amsa kiran. Ya ce mutumin bai taɓa ɗaga masa murya ba ko sau ɗaya. Sallama yake fara yi. Ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi ruwan Legas. Wata rana har ya ce a gaida Hajiya, ya kira sunan mahaifiyarsu, wanda Baba bai taɓa gaya masa ba. Sannan cikin natsuwa, kamar mai cinikin akuya, ya ce to ina aka kwana a maganarmu. Aka sayar da gona, aka sayar da shanu biyu, 'yan uwa na Mile 12 da Alaba Rago suka yi karo-karo. Da aka kai kuɗin sai aka ce saura babur da katin waya. Baba ya ce ba kiran ne ya fi cin ransa ba, kwanakin da ba a kira ba ne. Sau ɗaya aka yi kwana tara wayar ba ta yi ƙara ba, yana kwana da ita a tafin hannu, ko caji zai sa sai ya tsuguna a gabanta.

Na tambaye shi ko ya yarda in faɗa wa Madam. Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce in faɗa, amma kada a kira shi gaban mutane. Ta saurare ni har ƙarshe, ta kira bos da marubucin suka shiga mota suka rufe. Washegari aka sake ɗaukar fitowar daga farko. Bos ya zauna a kan buhu, ya cire takalmi ɗaya yana sosa ƙafa, ya yi sallama da 'yar Hausar da na koya masa daren, irin ta wanda ya yi zaman Sabon Gari. Ya tambayi ɗan Alhaji ya karatu. Ya ce a gaida Hajiya. Da aka ce kat babu wanda ya motsa. Mai ɗaukar sauti, wanda kullum yake roƙon a ba shi shiru na minti ɗaya ya naɗi numfashin ɗakin ba ya samu saboda hon ɗin tireloli da surutunmu, ranar ya samu ba tare da ya roƙa ba.

Kada in sa ku ɗauka duk abin da na kawo an karɓa. Na kai wa kawuna, wanda ya yi shekara talatin yana canji a Broad Street, labarin cewa a fim ɗin ɗan Alhaji zai kawo naira miliyan 100 a jakar hannu cikin awa ɗaya. Ya yi dariya har da tari. Ya ce in je in gaya musu miliyan 100 a 'yan dubu-dubu takarda 100,000 ce, rafa dubu ɗaya, sai an cika manyan jakunkunan Ghana-must-go kuma a sami ƙarti su ɗauka. In dala ce da sauƙi, don takardar dala giram ɗaya ce, miliyan ɗaya a 'yan ɗari-ɗari kilo 10 ke nan. Wannan an gyara, aka mayar da kuɗin dala. Amma da na ce ba a haɗa irin wannan kuɗi a awa ɗaya, kuma ɗan canji yawancin abin da ke hannunsa na mutane ne, Madam ta ce fim ɗinta minti ɗari ne, ba kwana 47 ba. Haka ƙarshen: 'yan sanda sun fasa rufi sun diro da igiya, an yi ta ɓarin wuta, duk mutum 11 sun fito da ƙafarsu, jarumi ya rungumi matarsa. Na ce mata a zahiri idan aka kai ga fasa ƙofa to an riga an yi asara, mai sasantawa nagari shi ne wanda ya gajiyar da kowa har aka fito babu harbi. Ta ce ta sani, amma wa zai sayi tikiti ya kalli mutane suna gajiya? Na rasa amsa. Har yanzu ina ganin da ta ƙara ko minti biyar na jiran nan, na ɗan Alhaji zaune yana kallon wayar da ta ƙi yin ƙara, da fim ɗin ya fi haka nauyi. Ita kuma tana da masu kuɗin da za ta yi wa bayani, ni ba ni da su.

Akwai kuma ɗan gungun da aka naɗa wa rawani ya rufe fuska ba tare da wani dalili a labarin ba. Na yi magana, aka cire rawanin a fitowa biyu, aka bar shi a ta uku don an riga an ɗauka kuma babu kuɗin maimaitawa. Cikon kuɗina ma sai bayan wata huɗu ya fito, tunda da baki muka yi magana ban nemi a rubuta ba, sunana kuma a jerin ƙarshen fim an rubuta shi da harafi ɗaya a juye. Waɗannan laifina ne da na rashin sabo.

Da fim ɗin ya fito na so in kai Baba silima a Ikeja. Ya ce shi da bai taɓa shiga ba da ƙuruciya ba zai fara da furfura ba, kuma wa zai riƙe masa get? Sai na bari har ya hau intanet, na shiga mota na je Apapa wata Lahadi da yamma. Na same shi a bencin nan. Bayan mun gaisa na tambayi ƙanensa, ya ce yana nan, ya koma Kaduna da zama, ba ya son a rufe ƙofa in yana ɗaki. Na nemo fitowar kiran wayar na miƙa masa, na sa masa abin ji a kunne ɗaya.

Ya kalla har ƙarshe bai ce komai ba. Ya ce in mayar baya. Ya sake kallo, ya matso da wayar kusa da idonsa. Sannan ya zare abin kunnen ya miƙo mini.

"Alhajin ya yi. Salatinsa ya yi."

Na ce, "Bos ɗin fa, Baba?"

Ya ce, "Ya yi saurin gaisuwar. Wancan ba ya sauri."

Wata tirela ta danna hon a waje. Ya zura takalmansa, ya ɗauki makullai ya nufi get.